Xbox Series S: saurin akwai, wuri ne ya yi mata kaɗan

A majalisun samarin Hausawa na Jidda da Makka, idan zancen sayen na'urar wasan bidiyo ya taso, Xbox Series S ake fara ambata, domin tana cikin mafi rahusa. Kamfanin Microsoft ya fitar da ita a watan Nuwamban 2020 a kan dala 299, yayin da yayarta Series X ta fito a kan dala 499. Na daɗe ina amfani da ita a gida, kuma a ganina na'ura ce mai kyau, sai dai ya kamata mai saye ya san inda aka rage mata kafin ya zaro riyal ɗinsa.

Abin da zai fara damun mutum shi ne ma'ajiya. An rubuta gigabait 512 a jikin kwali, amma bayan manhajar na'urar ta ɗebi nata, abin da ke saura bai wuce 364 ba, alhali wasanni irin su Call of Duty da Forza Horizon 5 kowannensu na iya haura gigabait 100. A gidan da babban wa yake son ƙwallo, ƙanensa yake son tseren mota, ƙaramin cikinsu kuma ya nace wa Fortnite, ba a jimawa ake komawa goge wannan don a sauke wancan. Ana iya jona mata ma'ajiyar waje ta USB, amma sababbin wasannin da aka tsara domin ita ba sa tashi daga can, sai dai a ajiye su, a dawo da su ciki lokacin da za a buga. Mafita ita ce katin ƙarin ma'ajiya na kamfanin Seagate ko Western Digital, wanda kuɗinsa ke cinye wani babban kaso na rahusar. Ta fuskar sauri kuwa ba ni da ƙorafi: wasa yana buɗewa cikin daƙiƙoƙi, kuma tsarin Quick Resume yana mayar da mutum daidai inda ya tsaya idan ya tashi zuwa salla.

Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ita ce matsalar da kuɗi ba sa gyarawa, tun da ba a iya ƙara ta. Gigabait 10 gare ta, 8 ne kawai masu sauri, alhali Series X da PlayStation 5 kowacce tana da 16. A nan ake jibge zane-zanen da wasa ke bukata a kowane lokaci, don haka idan wuri ya ƙure dole masu haɗa wasan su rage kyawun hoto. Wanda ya matso kusa da allo zai ga bango ko ciyawar nesa sun yi dishi-dishi, inuwa kuma bakinta ya yi kaushi. Ko wasan Baldur's Gate 3 bai iso Xbox ba sai a Disamban 2023, bayan ya riga ya fito a PlayStation 5, saboda kamfanin Larian da ya haɗa wasan ya sha wahalar sa mutum biyu su buga a allo ɗaya a kan Series S, har aka fitar da shi a kanta ba tare da wannan tsari ba a lokacin.

Ƙarfin sarrafa hotonta tiraflof (ma'aunin yawan lissafin da na'ura ke yi a daƙiƙa) 4 ne, na Series X kuma 12. A kan matsakaiciyar talabijin ta 1080p bambancin ba ya tayar da hankali, amma a kan ƙatuwar talabijin ta 4K irin ta falo ana ganin laushin hoton sarai.

Masu son saya wa yara tsaraba bayan Umara su lura cewa ba ta cin faifai, kowane wasa sai an sauke shi ta intanet. A Jidda, inda gida ke da intanet mara iyaka, wannan ba komai ba ne, amma a Kano ko Zinder, ga mai sayen data da kaɗan-kaɗan, goge wasa ɗaya asara ce ta gaske. Idan ita ɗin za a saya, gara a ƙara kuɗi a ɗauki mai ma'ajiyar terabait 1, wato kusan ninkin ta farko, da ta fito a Satumban 2023.