Tafiyar mu Farin Ruwa: gurin ya burge ni, masu shirya tafiyar ne matsala

Masu ta tambayata ko su biya kuɗin tafiyar nan ta Farin Ruwa da ake ta tallatawa a WhatsApp da Instagram, to ga abinda na gani da idona. Ba zan kama sunan masu shiryawar ba, kuɗin kuma duk wanda ya ga tallan ya san shi.

Gurin kansa dai Allah ya yi halitta a nan. Mu da muka saba da hawan Dala da Goron Dutse, ka je ka tsaya ƙasan ruwan da ke zubowa daga saman dutse mai tsayin kusan mita 150, wallahi sai ka ji bakinka ya kama tasbihi ba ka ma sani ba. A ƙaramar hukumar Wamba yake ta jihar Nasarawa, ruwan kuma daga tsaunukan Filato yake gangarowa, shi yasa tun daga nesa kake hango shi fari fat a jikin baƙin dutse kamar an shanya sabon rawani. Ta Kwanar Dangora muka bi, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, muka kwana a Jos, washegari muka gangara Hawan Kibo muka nufi Akwanga sannan Wamba. Duk wannan ba laifi, motar da sanyinta, direban kuma mutum ne mai natsuwa, a Hawan Kibo ɗin nan da manyan motoci ke yawan faɗuwa a hankali ya dinga sauka damu, Allah ya saka masa.

Daga Wamba ne labari ya canza. Kwalta ta ƙare, hanya ta zama taɓo da ramuka dan damina ce, motar ta ƙi gaba, sai jagoran da suka haɗo mu da shi daga Kano yace wai kowa ya kawo dubu biyar a ɗauki achaba, in mun koma za'a mayar mana. A talla fa cewa sukai komai da komai yana ciki. Muka biya dan ba yadda za mu yi, an zo tsakiyar daji. Da aka sauke mu aka fara tafiyar ƙafa sai ta bayyana shi kansa bai taɓa zuwa gurin ba, sai ɗaga waya yake sama yana neman sabis wai zai duba hanya.

Wani yaro ɗan ƙauyen ne ya cece mu, cikin masu achabar yake, ya ajiye mashin ɗinsa yace zai raka mu. Akwai wani rafi da dole sai an tsallaka kuma ruwan sama da akai da daddare ya cika shi, ya kai gwiwa, ga ƙarfi, duwatsun ƙasan duk gansakuka santsi kawai. Cikin mu akwai wata Hajiya babba da ta zo da ƴaƴanta mata biyu, tana ganin ruwan ta ja da baya tace ita kam a nan za ta zauna ta jira mu. Yaron nan ya shiga daji ya saro sanda doguwa ya miƙa mata, ya shiga ruwan ya tsaya ta inda yake tahowa da ƙarfi dan ya tare mata, yana cewa Mama taka nan, kar ki taka wancan baƙin, Mama ki kalli sandar kar ki kalli ruwan. Taku ɗaya ɗaya har ta haye, silifas ɗinta ɗaya ya tafi ya bi shi da gudu ya kamo. Haka ya dinga komawa yana tsallakar da mu, wandonsa sharkaf, ko sisi bai tambaya ba sai mu muka haɗa masa da kanmu, Hajiya kuwa albarka ta dinga sa masa tana Allah ya raya ka ɗan nan. Jagoran namu yana can tsallake ya naɗe wando yana ɗaukar mu bidiyo, na san na talla ne.

Daga nan hawa ne cikin kwazazzabo, bishiyoyi sun rufe sama, ƙarar ruwan tana ƙaruwa har ta kai sai ka ɗaga murya za'a ji ka. Kafin ka ƙarasa feshin ya jiƙa maka riga, ga iska mai sanyi da ke fitowa daga gindin dutsen. A lokacin na ce a raina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, duk abinda sukai na yafe.

Amma ina, ko awa ɗaya bamu yi ba jagoran yace mu juya dare zai yi. To waye ya jawo daren? Su ne suka ɓata mana safiya a Jos muna zaune a mota tun bayan asuba ana jiran abincin da a ƙarshe da muka buɗe shinkafar ta fara tsami saboda daɗewa a leda. Sallar azahar ma ba wanda ya tsara inda za'a tsaya, mu muka matsa. Tun daga Kano ka taho, ka kwana a hanya, ka sha wannan wahalar, sannan a ce ka tashi kana tsaka da kallo, abin nan har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

In za ku je ku je, amma ku haɗa kanku ku ɗauki shatar mota, ku nemi ɗan gari a can ya raka ku, ku sa kambas mai kama ƙasa, waya kuma a ƙulle ta a leda. Kuɗin achabar da sukace za su mayar kuwa na tura musu saƙo, sun karanta, shiru, sai ma bidiyon tsallaka rafin nan da na gani sun ɗora suna tallan tafiya ta gaba, ko sunan yaron basu ambata ba.