Gargaɗi kan masu damfara da sunan gyaran allon kwamfuta

Jama'a, a yi hattara. Idan ka kunna kwamfuta ka ga rubutu ya yi manya-manya, hotuna sun baje, komai ya yi dishi-dishi, kada ka yi gaggawar danna tallar farko da ta fito maka a intanet. A nan macuta suke ɗana tarko, don sun san hankalinka a tashe yake.

Wasu za su ba ka manhaja wai mai sabunta direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da sassan kwamfuta kamar allo. Kana saka ta sai ta jero maka matsaloli da jan rubutu, ta ce ba gyara sai ka shigar da lambar katin banki. Wasu kuma saƙo ne zai rufe allon, da tambarin Microsoft da lambar waya. Idan ka kira, sai su sa ka saka AnyDesk ko TeamViewer, su shiga kwamfutarka daga nesa, su buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye tarihin abubuwan da suka faru a kwamfutar, su nuna maka alamomi ja da rawaya su ce ƙwayar cuta ce. Wallahi ko lafiyayyar kwamfuta tana da irin waɗannan alamomi. Daga nan sai a ce ka shiga asusun bankinka suna kallo. Microsoft ba ya saka lambar waya a saƙon matsala.

Abin da ke ƙona min rai, matsalar sau da yawa ba ta kai ta kawo ba. Idan direban hoto bai tashi ba, Windows kan koma Microsoft Basic Display Adapter, wato direban wucin gadi da ke cikinsa, sai allo mai 1920x1080 ya sauka zuwa 1024x768. Wani lokaci kuma wayar HDMI da ke haɗa kwamfuta da allo ce ta yi sako-sako, kwamfutar ta kasa karanta bayanin girman da allon ke aiko mata.

Don gyarawa, ka cire wayar HDMI ɗin ka mayar da kyau. Ka danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, direban zai sake tashi. Ka shiga Settings, System, Display, ka zaɓi girman da aka rubuta Recommended a gefensa. Idan direba ake buƙata, kyauta ne a Windows Update ko shafin Intel, AMD da NVIDIA.

Wanda kuma ya riga ya bari suka shiga, ya katse intanet yanzu, ya goge manhajar da suka sa ya saka, ya kira bankinsa a toshe katin, sannan ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'urar daban.