Dubu biyar ɗin da na ba mai kwamfuta a kan Corolla ta

Motata Corolla ce samfurin 2007, 'yar Amurka, shekararta huɗu a hannuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na tsiri wata al'ada: in na cika tanki sai in mayar da lambar tafiya sifili, ranar da na dawo cikawa in raba kilomita da lita. Tsakanin gidana a Hotoro da wajen aiki a Sharaɗa, nan Kano, tana ba ni kilomita 11 a lita ɗaya. Hunturu na kamawa, cikin mako biyu, lissafi ya faɗo bakwai da rabi. Na fara zargin gidan mai, na ce litarsu ba ta cika. Na sauya har uku, allura ba ta fasa zubewa ba. Har ɗana sai da na tuhuma ko yana fita da ita in na kwanta, Allah ya yafe mini.

Bakanikena na kullum ya yi abin da ya saba: sabbin fulogi, wankin nozil, ya kaɗe iya kilina, wato matatar iska, ya mayar. Kuɗi sun tafi, mota na nan tana shan mai kamar da gayya. Wani abokin aikina ne ya matsa mini in kai a sa mata kwamfuta, ni kuwa a lokacin ina ganin wannan duk salon cin kuɗi ne.

Mai kwamfutar yaro ne da bai wuce shekara talatin ba, a rumfar kwano, da na'ura kamar ƙaramin allo. Kafin ya jona ta a ramin nan mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce, “Alhaji, murɗa makulli, amma kar ka tayar.” Fitilun dashbod duk suka kawo, ta mai, ta batir, ta birki. Ya ce, “Ina ta inji?” Babu. Shekara huɗu ina alfahari motata ba ta taɓa nuna cek ba, ashe tun kafin ta zo hannuna an cire ƙwan.

Lambobi biyu suka fito, P0128 da P0171. Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne bai karanta lamba ya ce in je in sayo kaza ba, yadda wasu ke yi. Ya shiga gefena da na'urar a cinya, muka hau titin zobe, muka yi tafiyar minti ashirin yana kallon zafin ruwan inji. Bai wuce digiri 60 da 'yan kai ba. Sai ya juyo: “Alhaji, wa ya cire maka tamostat?”

Nan na tuna. A bazara motar ta taɓa yin zafi a cunkoso, bakanike ya cire wani ɗan ƙarfe mai sifirin ya jefar, ya haɗa fanka dairek, ya ce wannan na ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ya mana amfani. Kusan duk garejin da ka shiga haka za ka ji. Yaron ya yi mini bayanin da na gane: injin nan an yi shi ne ya yi aiki wajen digiri 90, tamostat ɗin yana tare ruwa kar ya je lagireto har sai ya kai kamar 82. In babu shi, ga fanka tana juyi tun daga tayarwa, inji ba zai ɗumama ba, ƙwaƙwalwar mota kuma in ta ga sanyi sai ta riƙa ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota mai kafireto. A zafin Afrilu abin ya ɓoye. Da sanyin asubar Disamba ya zo, ga tafiyata gajera, kafin inji ya yi ɗumi na isa ofis.

Lamba ta biyu ta ƙura ce. Ya kwance kusoshi biyu a bayan iya kilina, ya zaro sensa mai auna iskar da ke shiga inji, ya nuna mini wata siririyar waya a ciki ta yi ja da ƙurar hunturu. Feshi ya yi mata da man wankinta, ya hana yaronsa taɓawa da hannu, ya ce ita fa sai a hankali. Iya kilinar da aka kaɗe kuwa ya ɗaga ta a rana, ga yagewa a gefe.

Ba zan ce komai lafiya ba. Awa uku na yi a kan benci kafin layi ya zo kaina, ba rasit, kuma shi ba ya kwance inji, sai ya tura ka wajen maƙwabcinsa, can ma ka biya kuɗin aiki daban. Ya kuma so in sauya sensar salansa “don a huta gaba ɗaya”, alhali shi da bakinsa ya ce tana aiki. Na ce a'a, Injiniya, a bar ta tukuna. Bai ja ba. Da kaina na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo tamostat da iya kilina, aka wanke lagireto, wanda toshewarsa ce ma ta jawo zafin bazara, mai gyaran wayar mota ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta, ya sa ƙwan cek. A hanyar gida mai faci ya auna tayu, biyu na baya suna 24 maimakon 30. Wannan kam laifina ne.

Yanzu na ƙona tanki uku: 9.8, sai 10.3, sai 10.5. Ba ta koma 11 ba, amma allurar zafi tana tsayawa a tsakiya, hita ma da na ɗauka ta mutu tana busa ɗumi da safe. Dubu biyar ɗin sun dawo tun kafin tanki na farko ya ƙare.

Shekaranjiya na biya wajen tsohon bakanikena juyen baƙin mai. Ya tayar da mota, ya kasa kunne, bai ji fanka ba. Ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, yaran kwamfutar nan za su ƙona maka inji, bari dai Afrilu ta zo.” Na ce masa Allah ya kai mu, nan zan kawo ta ya gani.