OpenRGB: manhaja ɗaya ta haɗa mini fitilun tebur

Kibod ɗina Corsair ne, linzamin Logitech, shi kuwa babban allon cikin kwamfutar na ASUS, duk a kasuwar kwamfuta ta Olaya na tsinto su nan Riyad. Kowanne da fitilunsa masu launi da manhajar sarrafa su: iCUE, G Hub, Armoury Crate. Ƙanina da muke zaune tare ya ce, "Yaya, teburin nan naka sai ka ce motar kai amarya."

OpenRGB, manhajar da ke sarrafa fitilun duka a wuri ɗaya, kyauta ce, ko riyal ɗaya ba a biya, ba a kuma buɗe asusu. Tana aiki a Windows da Linux da macOS. Da na buɗe ta, sai ta zaƙulo na'urorin da kanta, na zaɓi kore, duka suka bi. Amma fa a rufe manhajojin kamfanonin tukuna, in ba haka ba su yi ta kokawa kan fitila ɗaya. Fitilun RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) kuma sai an ba OpenRGB izinin mai gudanarwa, wato administrator.

Fuskarta ba ado, kuma launi mai gudana daga kibod zuwa linzami sai an ƙara mata wata ƙaramar manhaja mai suna Effects Plugin. Mai son rawar launuka ya leƙa wata manhajar, SignalRGB, ita a Windows take. Ni dai kore ya ishe ni.