Ejan ɗin da ya fito min da mota daga Tin Can: takardu tsaf, amma ya ci min shanu biyu

Tun da motar nan ta iso Gombe mutane ke tare ni a ƙofar masallaci suna tambayar wa ya yi min kiliya, wato ya fito min da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ko zan haɗa su. Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya. Sunansa dai ba zan kama ba, don ɗan garin nan ne da ke zaune a Legas, kuma iyayenmu sun san juna.

Corolla ce 2015, ƙanina da ke Amurka ya saya min a gwanjo ya ɗoro ta a jirgin ruwa. Abokai sun yi ta ce min in bi ta Kwatano, amma tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar tudu, ni kuma ba zan iya da faɗuwar gaba duk lokacin da na hango shinge ba. Na ce a bi ƙa'ida ko nawa ne.

Da farko wallahi ya burge ni. Tun ba a sayi motar ba ya ce a duba shekararta kada ta haura goma sha biyu, ya sa na yi lambar TIN, wato lambar mai biyan haraji, ya nace sunan da ke takardar jirgi ya zama daidai da na katina harafi da harafi. Shi ya fahimtar da ni cewa tun 2022 lambar shasi ake sakawa a kwamfuta ta fitar da ƙimar mota da dala, a kai ne a lokacin ake lissafa kashi 20 na kuɗin fito da ƙarin kashi 15, ga harajin VAT, sannan a mayar naira bisa farashin dalar da ke aiki a ranar. Wannan magana ta ƙarshe daga bakinsa na fara jin ta, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi min ciwo.

Jirgi ya sauke kaya a ƙarshen Janairun 2024. Ranar Litinin na tura masa kuɗin fito cif yadda ya lissafa, har da ladansa. Ya ga alat, ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, gobe war haka an biya." Talata na kira, wai sabar kwamfutar da ake biya ba ta aiki. Laraba bai ɗaga ba. Alhamis ya ce yana layi. Ranar Juma'a, biyu ga Fabrairu, bayan mun sauko daga masallaci sai ga kiransa, murya a sanyaye: dalar kwastam ta tashi daga naira 951 zuwa 1,356. Wato kuɗin da ke hannunsa tun Litinin, wanda ya isa har da saura, yanzu sai an ɗora masa sama da kashi arba'in cikin ɗari. Na tsaya a bakin titi riƙe da darduma na kasa cewa komai.

Na san ba shi ya ɗaga dala ba, kowa ya sha wannan bugun a watan. Amma ni kuɗina ya riga tashin da kwana huɗu. Sai da na matsa, na haɗa shi da yayansa, sannan ya faɗi gaskiya: da kuɗina ya fitar da motocin wani dila da ya daɗe yana ba shi aiki, da niyyar idan dilan ya biya shi ya mayar. Sabar lafiyarta ƙalau. Har yau in na tuna yadda yake ce min "ranka ya daɗe, ina layi" alhali kuɗin ma ba ya wurinsa, raina ɓaci yake.

Rana zafi, inuwa ƙuna. In na tsaya rigima da shi kuɗin ajiya na tashar yana hawa kullum, dalar kuma ba ta tsaya a nan ba, ta ci gaba da tashi. Shanu biyu da nake kiwo a Kumo don Babbar Salla na sa aka kai kasuwa, aka saya a yadda aka ga dama, don dillalai sun gane a matse nake. Maiɗakina ta miƙo kuɗin adashinta ba tare da na tambaya ba, wannan ma ya tsaya min a rai.

Inda zan yi masa adalci: kuɗin kwanakin da motar ta ƙara a tasha shi ya biya daga aljihunsa. Kuma bai yi abin da na ji wasu na yi ba, su rage shekarar mota ko su biya rabi su haɗa maka takardar da za ta ja a ƙwace motarka bayan shekara biyu. Direban da ya taho da ita ya ce an tsayar da su a hanya ba sau ɗaya ba, kafin Abuja da kuma tsakanin Jos da Bauchi, ko'ina ana duba lambar shasi da shaidar biya sai a miƙo musu takardu a ce su wuce. Wajen yin lamba a nan Gombe ma ban sha wahala ba. Ranar da ta shigo gida ina ganin yara sun kewaye ta na ce a raina na yafe, har na fara tunanin ba wani maƙwabcina lambarsa.

Sai da na buɗe but na tarar babu jak, babu safaya, alhali suna cikin hotunan da ƙanina ya turo kafin a ɗora ta. Na kira shi, ya ce ai haka tasha take, in yi haƙuri. Daga nan na fasa ba maƙwabcin lambar. Bambancin kuɗin fiton kuwa ya yi alkawari a gaban yayansa zai biya ni rabi kafin azumi. Azumin ya zo ya wuce, abin da ya shigo hannuna bai kai kuɗin saniya ɗaya ba, kuma yanzu sai na kira sau uku yake ɗagawa sau ɗaya.