Pentax K1000: abin dubawa kafin ka miƙa kuɗinka

In ka ci karo da Pentax K1000, kyamarar ɗaukar hoto mai amfani da fim, a hannun tsohon mai ɗaukar hoto ko cikin kayan gwanjo a Maradi, tsaya ka dube ta da kyau. Kamfanin Asahi na Japan ya fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997. Batirinta LR44 ne guda ɗaya, mitar haske kawai yake ciyarwa. Ko ya mutu tana ɗauka, da lokacin shigar haske daga daƙiƙa 1 har 1/1000 na daƙiƙa. Ga ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, ta fi masu dogaro da lantarki nesa ba kusa ba.

Ja mariƙin naɗe fim sama, bayanta ya buɗe. Shafa baƙin soson da ke gefen ƙofar. In ya manne maka a yatsa kamar kwalta, ya ruɓe, haske zai riƙa satar shiga yana bar maka jan tabo a hoto. Wannan gyara ne mai sauƙi, dalilin neman ragi ne kawai. Labulen da ke ciki, mai buɗewa haske ya kai ga fim, kuwa na ƙyalle ne: cire gilashin gaba (lens), ɗaga ta ga haske, huda ko ɗaya ka gani ka haƙura da ita.

Sa ta a daƙiƙa 1, ka danna, ka kasa kunne. In ta ja ta tsaya, tsohon mai ne ya daskare da ƙurar hunturu, sai an kwance an wanke. Buɗe gidan batir da kwabo, koren tsatsa alama ce batir ya taɓa zuba, wataƙila ya ci wayar mita.

Gilashin da aka saba haɗa ta da shi 50mm f/2 ne. Haska shi da tocilar waya. Ƙura kaɗan ba komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka daɗe a damshin Kwatano ko Legas.

Mitar ba ta da makunni, murfin gilashi ne ke kashe ta. Ka bar ta a buɗe, batir ya ƙare a banza.

Fim 35mm take ci. Da Kodak Gold 200 a rana tsaka, buɗin gilashi f/16 da lokaci 1/250 sun wadatar, dawakin hawan salla kuwa 1/500 da f/11. Zafin bazara na ɓata launin fim, a firij ake ajiye shi. Kuma tun kafin ciniki ka tabbatar da inda za a wanke maka shi.