Dosiye sun iya, amma memuwar mai Hausa a ciki kada ki kai musu

Tun da aka fara maganar ajiye dosiyen mastar na bana, wato takardun neman shiga karatun, ƙannena ke ta aiko mini da saƙo, Tanti wace sakatariya, wato shagon buga takardu, za mu je. To ga amsa gaba ɗaya in huta. Ba zan kama suna ba, shagunan buga takardu sun cika hanyar jami'a, kuma ban zo tozarta kowa ba. Wadda nake nufi na yi hulɗa da ita tun daga neman shiga mastar a tsangayar adabi ta Jami'ar André Salifou da ke Zinder har ranar da na kai memuwar, wato kundin binciken kammala karatun, kuɗina ya shiga wurin ba kaɗan ba.

In dai dosiye ne, Alhajin da ke da shagon gwani ne, wannan ba na jayayya. Ya san jerin takardun da ka: takardar nema da hannu, wasiƙar dalilin neman karatun, takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, sakamakon shekaru 3 na lisans, atestasiyon, hotuna, da wanda sai an kai meri, wato ofishin magajin gari, an manna tambur an buga hatimi da wanda kwafi kawai ya isa. Shi ya lura cewa sunan mahaifina a takardar haihuwa da a takardar lisans ba rubutu ɗaya ba ne, harafi biyu sun bambanta, abin da ni mai takardun ban taɓa gani ba. Ya ce, "Malama, je ki nemo takardar da ke shaida mutum ɗaya ne tun yanzu, kada ki bari sai kwamiti ya gano." Da ban bi shawararsa ba da wataƙila shekarar ta wuce ni. Wannan alheri ne, kuma na faɗa.

Ya kuma yi mini bashi. Duk wadda ta haɗa koyarwa a koleji da karatun mastar ta san abin da nake nufi. Da safe kina gaban allo, da yamma kina kan benci, da dare ga yara ga kwafin ɗalibai. Simesta 4, kiredi 120, ba a rage miki ko ɗaya don kina da goyo. Wasu malaman daga Yamai suke zuwa, tafiyar kilomita wajen 900, sai a haɗa darasin a yi shi a jere safe da yamma kafin su koma, kuma abin karantawa duk PDF ne da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp. Idona ba ya jure karatu a waya, dole in buga a takarda. Kuɗin shafi kun san shi, ku lissafa da kanku. Alhaji sai ya buɗe mini shafi a littafinsa, in albashi ya shigo in biya. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, shagonsa na cikin ƴan kaɗan da injinsu bai tsaya ba, ya ƙara kuɗin mai a kan shafi amma ban ga laifinsa ba. Da a nan maganar ta tsaya da na ce ku je ido rufe.

Memuwar ɗina a kan kirarin sarakunan Damagaram ne da waƙoƙin fada, musamman abin da ya rage a bakin mutane game da Sarki Tanimu, wanda ya zagaye Birni da ganuwa ya sa aka ƙera masa igwa a nan gida, ya rasu a 1884, da kuma Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 har Faransawa suka zo suka ci yaƙin Tirmini a 1899. Wanda bai yi irin wannan bincike ba ba zai gane darajar abin da ake tarowa ba. Takardun zamanin Turawa ba su nan. Tun da aka ɗauke babban birni daga Zinder aka kai Yamai a 1926, abin da aka rubuta game da mu yana can a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wani a Dakar, wani a Aix ta Faransa. Na je Yamai na leƙa cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO, na samu abin da na samu, amma ƙashin aikin a nan yake, a zaurukan Birni, a bakin tsofaffin maroƙa da ƴan fada waɗanda sai kin kai goro kin zauna kin jira sun ga dama. Wani ya ba ni baiti a zama guda, na koma don ya maimaita na tarar da zaman makokinsa. Abin da na ɗauka a waya na bi shi kalma-kalma na rubuta da kaina, da allon rubutun Hausa na wayar, kowace ƙugiya a wurinta, bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, har da ƴ ɗinmu da ƴan Najeriya ke rubutawa da waƙafi a sama. Akwai ƴan layuka na Barebari a cikin kirarin, tunda gidan sarautar asalinsa daga Barno ne, da harafinsu ǝ mai kama da e a kife. Malamin da ke duba aikina ya bi su layi-layi da jan biro, ya sa na lamba kowane baiti don ya yi daidai da fassarar Faransanci da ke gefensa.

Kwamfutata batirinta ya mutu tuni, don haka gyaran ƙarshe da tsara shafuka da jerin babi-babi duk a shagon aka yi, a kan kile ɗina ta USB. Ana saura ƴan kwanaki a rufe karɓar memuwar na bar musu kile da yamma, na ce a fitar da kwafin juri, wato malaman da za su yanke wa aikin hukunci, a ɗinke, gobe in zo in ɗauka. Na jaddada, na sake jaddadawa, kada a taɓa komai a cikin rataye, wato inda waƙoƙin suke.

Da na zo na tarar an ɗinke su tsaf, bango mai kyau, sunana da manyan baƙaƙe. Na biya. A kan kabu-kabu na buɗe ɗaya don in ji daɗi, sai na ga rataye babu ƙugiya ko guda. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ, harafin Barebari ya koma e. Na sa mai babur ya juya. Abin da ya faru, kamar yadda yaron shagon ya faɗa mini da bakinsa yana murmushi don yana ganin ya yi abin yabo, babbar kwamfutar tana hannun wani, sai ya buɗe aikina a tsohuwar da ke lungu. Ita kuwa ba ta san haruffan ba, ta fito da ƴan akwatuna a madadinsu. Maimakon ya kira ni, lambata tana rubuce a littafin bashi, sai ya sa na'urar ta bi duk takardar ta musanya kowane akwati da harafi maras ƙugiya. Garin neman gira aka rasa ido. Bai tsaya nan ba, ya adana a kan nawa, a kan kile ɗin, kwafi ɗaya tak da ke ɗauke da gyaran malamina da lambobin baitoci.

Yaro ne, yaro yakan yi ɓarna. Abin da ya tsaya mini a rai maganar Alhaji ce. Na nuna masa shafin hannuna na rawa, ya duba sama-sama ya ce, "Haba Malama, ai Hausa ce, kowa zai gane. Faransancin dai lafiya lau yake ko?" Wannan mutumin da ya hango bambancin harafi biyu a sunan mahaifina a takardar Nasara, shi ne yake ce mini ɗaruruwan haruffa a cikin harshen da ya sha a nono ba komai ba ne. Na ce masa, Alhaji, juri ba zuwa za su yi su gane ba, zuwa za su yi su duba ko na iya rubuta abin da na ji, kuma a cikinsu akwai masanin harshe. Kirari ba hirar kasuwar Dole ba ce da za a cinka daga abin da ya gabata, kalmomi ne tsofaffi, wasu ko ni sai da tsohon ya maimaita ya bayyana mini, in ƙugiyar ta faɗi babu mai iya mayar da ita sai wanda ya ji da kunnensa. Ya ce in ina so a sake bugawa sai in sake biya, tawada da takarda sun riga sun tafi. Na ce kuɗin farko fa? Ya ce aiki ai an yi shi.

A nan ne duk abubuwan da na yi ta kawar da kai a kansu suka dawo mini. Kile ɗina ba sau ɗaya ba ta fito daga shagon da cutar nan da ke ɓoye fayil ta bar gajerun hanyoyi marasa buɗuwa, in na yi magana a ce daga wani wuri na kwaso. Sannan tun lokacin dosiye, da na kai tsarin bincikena a buga, Alhaji ya rage murya ya ce in na gaji da tunani akwai shiryayyu a kwamfuta, sai a canza suna da gari da shekara. Na yi dariya na ce a'a, na ɗauka raha ce. Daga baya na ga ana yi wa wasu, kuma na san daga ina shiryayyun suke fitowa, daga aikin mutane irina da aka bari a kan tebur ɗin kwamfutar ba a goge ba. Wato memuwar ɗina ma yanzu yana can, mai ƙugiya ko maras ƙugiya Allah masani, yana jiran wanda zai canza masa suna. Ku da za ku je, wannan ku riƙe shi: tsarin bincike shi kwamiti ke karantawa da gaske, shi ke sa malami ya yarda ya riƙe ki ko ya ƙi, kuma malaman nan sun karanta memuwar ɗin da ake kwafowa daga ciki, wasu su suka duba su.

Wadda ta cece ni wata yarinya ce mai koyon aiki a wurin, ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Tana jin duk abin da ake yi ba ta ce uffan ba, sai da na fito ta biyo ni ta ce, "Tanti, asalin da kika rubuta a waya yana nan?" Yana nan, amma babu gyaran malam, babu lambobi. Takardun jan biro kuwa suna gida. Ta ce in kawo su bayan isha'i. Ta ari kwamfutar yayanta, ta zo gidanmu da izinin mahaifiyarta, ta sauko da wani salon haruffa na kyauta mai suna Charis SIL da aka yi shi musamman don harsuna irin namu, muka zauna ina karanta baiti tana gyarawa, in na yi shakka mu kunna muryar tsohon mu saurara. Inda ta ji kalmar da kakarta ke faɗa sai ta tsaya ta yi dariya. Ita ta koya mini abin da shagon ya kamata ya faɗa mini tun ranar farko, cewa in an gama a mayar da aikin PDF a kan kwamfutar da haruffan suka fito daidai, a buɗe a duba, sannan a kai wurin bugu, ta haka kowace irin tsohuwar na'ura ba ta da yadda za ta yi da shi. Na ba ta abin da ya sawwaƙa ta ƙi karɓa, sai da na kai wa mahaifiyarta turmin atamfa.

Duk da haka ba mu kama duka ba. Ranar sutanans, wato ranar kare memuwar a gaban juri, masanin harshen ya buɗe rataye ya nuna mini wurare a baitocin Kuran Daga inda ƙugiya ta ɓace, ya tambaya cikin ladabi ko na san ƙa'idar rubutu. Mijina da surukata suna zaune a baya, ɗalibaina na koleji biyu sun zo kallo. Me zan ce, in ce yaron sakatariya ne? Na ce na gode, za a gyara. Na ci, alhamdulillahi, da sakamako mai kyau, amma wannan tambayar ba ta cikin abin da na cancanta.

To ga inda na tsaya. Dosiye, ku kai, ku saurari Alhaji a kan takardun meri, ya fi ku sani. Tsarin bincike ku rubuta da kanku, ku kai shi PDF, ku tsaya a kansa har a buga, ku sa a goge a gabanku har cikin kwandon shara na kwamfutar. Memuwar mai Hausa, ko Barebari, ko Tamajak, ko ajami, kada ya kwana a wurin, kuma kada ku bar kile ku tafi ko da sallah za ku je. In kun tarar da yarinyar nan ku ce ita kuke so, ko da yake na ji an ce tana neman barin wurin. Ni kwafin ƙarshe na ɗakin karatu a wani shago na buga shi can wajen Sabon Gari, ya fi tsada, ɗinkin ma bai kai na Alhaji kyau ba. Kuɗin bugun farko har yau bai mayar ba, ragowar bashina kuwa ya aiko yaron nan ɗin ya karɓa tun kafin wata ya mutu.